TCP da UDP: wanne ya fi dacewa da jigilar bayanai?

Duk saƙon da zai bi ta intanet sai an yanyanka shi ƙananan ƙunsoshi, kuma TCP da UDP su ne manyan ƙa'idoji biyu da ke jigilarsu.

TCP, wanda ya samo asali daga binciken Vint Cerf da Bob Kahn na 1974, sarkin taka-tsantsan ne. Ba ya aika komai sai kwamfutocin biyu sun yi musayar saƙonni uku na gaisuwa. Yakan jera bayanan da lamba, ya jira shaidar isarsu, in wani ƙunshi ya ɓace ya sake turo shi, in hanya ta cushe ya rage gudu. Shi ya sa imel da sauke fayil suka dogara da shi. Aibinsa ɗaya mai ban haushi: ƙunshi guda ya maƙale, na bayansa duk sai sun jira, ko da sun riga sun iso.

UDP kuwa, wanda David Reed ya tsara a 1980, ba ruwansa da gaisuwa, turawa kawai yake yi. Bayanin jagora da yake liƙawa a gaban kowane ƙunshi bayit (ma'aunin girman bayanai) 8 ne kawai, na TCP aƙalla 20. A kiran murya ko na bidiyo ni UDP zan zaɓa, domin kalmar da ta iso bayan daƙiƙa biyu ba ta da sauran amfani.

Injiniyoyin Google a kan UDP suka gina QUIC, wani sabon tsarin jigilar bayanai, suka ƙara masa dabarar sake turo abin da ya ɓace. An amince da shi a hukumance a 2021.