Littafi, kwamfuta ko bidiyo: me za ka saya don auna ƙungiyarka ta ƙwallon kwando?

Wani abokina da ke horar da matasa ƙwallon kwando a Argungu ya same ni a Birnin Kebbi kwanakin baya, da 'yan kuɗi a aljihu waɗanda iyayen yara suka tara masa. Ya ce, "Malam, so nake in sayi abin da zai riƙa gaya mini gaskiyar ƙungiyata, don idona yana ruɗina." Na ce masa ya dakata tukuna, mu fara sanin abin da za a auna kafin a je sayen mudu.

Yawan maki kaɗai ba ya nuna ƙarfin ƙungiya. A ce wata ƙungiya mai gudu ta ci maki 70 a hari 85, wata mai natsuwa ta ci 60 a hari 60. Idan aka mayar da su kan hari ɗari, ta farko tana da 82, ta biyu 100. Hari a nan shi ne daga lokacin da ƙwallo ta shigo hannunku har ta koma hannun abokan karawa, kuma ba sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya ba. Ka ɗauki yawan jifan da kuka yi, ka cire ƙwallayen da kuka sake cafewa bayan jifanku ya kuskure, ka ƙara waɗanda kuka zubar, sannan ka ƙara yawan jifan kyauta (wanda ake bayarwa idan an yi wa ɗan wasa keta) sau 0.44. Jifa 62, sake cafewa 12, zubarwa 18, jifan kyauta 20, ka samu hari kusan 77.

Ba'amurken nan Dean Oliver, wanda ya yi fice a wannan fanni tun 2004, ya tattara abin da ke kawo nasara cikin abubuwa huɗu, ya ba kowanne nauyinsa: ingancin jifa kashi 40, zubar da ƙwallo 25, cafe wadda ta dawo daga kwando 20, jifan kyauta 15. Shi ingancin jifa, lissafinsa yana ba jifa mai maki uku daraja ɗaya da rabi. Yaron da ya jefa mai biyu sau 10 ya ci 5 ya kawo maki 10, wanda ya jefa mai uku sau 10 ya ci 4 ya kawo 12, duk da a ido na farkon ya fi iya saiti. Wanda ya kalli D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, ranar da suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas, cikin Yulin 2021, ya ga wannan a fili: jifa mai uku guda 20 suka ci, maki 60 ke nan daga cikin 90. To duk abin da za ka saya, idan ba zai fitar maka da yawan hari da waɗannan huɗun ba, ka bar shi a kanti.

Mafi araha shi ne littafi mai kauri da biro, kuma ni na fi girmama shi. Ana ja wa kowane ɗan wasa layinsa da rula, a gefe a zana rabin fili, duk jifan da ya shiga a yi da'ira a inda aka yi shi, wanda bai shiga ba a yi gicciye. Na ga yadda shafi ɗaya irin wannan ya kashe gardamar wata guda. Wani dogon yaro da nake horarwa ya dage cewa ya iya jifa daga nesa. Muka zauna a inuwar bishiyar dogon yaro bayan la'asar, na buɗe masa shafin wasanni biyar: gicciye birjik a wajen layin maki uku, da'irori cunkushe a ƙarƙashin kwando. Ya daɗe yana kallo, bai ce uffan ba, washegari kuwa ya koma inda yake da amfani. Aibin littafi shi ne wasa ya fi hannu sauri. Mutum ɗaya ba zai iya ba, dole biyu: ɗaya idonsa a fili yana kira, ɗaya yana rubutawa. Kuma littafi ba ya lissafi da kansa, sai an kwashe alƙaluman zuwa Google Sheets ko Excel a waya. Da zarar an saka ƙa'idar lissafin sau ɗaya, shi ke nan, kowane wasa minti goma ya isa.

Mataki na gaba shi ne FIBA LiveStats, manhajar da ake amfani da ita a gasannin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Kyauta ake sauke ta, tana aiki a kwamfuta mai Windows, tana fitar da cikakken sakamako da taswirar jifa da an busa tashi. Kuɗin yana wurin kwamfutar ne da batirinta. Filayenmu yawanci na siminti ne a waje, rana tana hana ganin allo, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kebbi, ga wutar da ba ta da tabbas. Ita ma tana son mutum biyu, kuma waɗanda suka yi atisaye da ita sosai. Makaranta ko ƙungiyar da ke shiga gasar jiha ko ta ƙasa, kuma tana da kwamfuta a ajiye, wannan ta dace da ita. Wanda zai ci bashi don sayen kwamfutar, ban ba shi shawara ba.

Sai bidiyo. Waya mai kyau, sandar kafa ta mai ƙafa uku, da batirin ajiya. Fa'idarsa babba ce, domin abin da mai rubutu ya rasa ana dawo da shi baya a gani, kuma tsaro, wanda alƙaluma ba su cika kamawa ba, a nan yake bayyana: wa ya makara, wa ya bar mutuminsa. A kafa wayar a wuri mai tudu daidai tsakiyar fili, rana ta baya, a yi mata inuwa don kada ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar wasa. Kamfanin Hudl na Amurka yana da tsarin da za ka tura bidiyo ma'aikatansa su fitar maka da alƙaluma, amma da dala ake biya, ga datar tura wasa sukutum. A halin da naira take ciki, wannan na manyan ƙungiyoyi ne.

Shafuka irin su Basketball-Reference, wanda kyauta ne, da Cleaning the Glass na biya, makaranta ce ta koyon karanta alƙaluma, ba ma'aunin yaranka ba. Alƙalumansu galibi na NBA ne, babbar gasar Amurka, wadda wasanta minti 48 ne, namu na dokar FIBA 40, layin maki uku nasu ya kai mita 7.24, namu 6.75.

Akwai kuma lissafin nan na bambancin maki yayin da ɗan wasa ke cikin fili, wanda masu tallar manhaja ke son nunawa. Yana buƙatar a rubuta kowane canji da lokacinsa, kuma a wasa uku ko huɗu yana iya ɗora wa yaro laifin abokansa. Kada ka ajiye ɗan mutane a benci saboda shi.

Abin da na gaya wa abokina shi ne ya sayi littafi biyu, sandar kafa waya da batirin ajiya, ragowar kuɗin ya ware su don ɗan abin hasafi ga yara biyun da za su riƙe rubutu duk kakar wasa, domin su ne ainihin na'urar. Ya fara da duba yawan ƙwallon da suke zubarwa a kowane hari ɗari, don a wasan matasa nan ne maki suka fi zurarewa, kuma shi ne ya fi saurin gyaruwa da horo. Na kuma ce ya riƙa rubuta yanayin ranar a saman kowane shafi, saboda jifan nesa a fili na waje cikin iskar hunturu ba ɗaya yake da na ranar da iska ta kwanta ba.