Kifin Langkawi da abin da ya tsaya min a rai

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun satin da ya wuce nake son in rubuta wannan abin amma aiki bai barni ba, yau dai na ce ko bacci zan rage sai na rubuta saboda abin ya ƙi fita daga raina.

Shekarata huɗu kenan a Malesiya, kullum muna Kuala Lumpur daga gida sai wurin aiki, uwargida ta daɗe tana min ƙorafi wai mun zo ƙasar da teku ya kewaye amma ko bakin ruwa ban taɓa kaita ba, to da na samu hutun kwana uku sai muka hau jirgi zuwa Langkawi, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Tsibiri ne a jihar Kedah can arewa dab da iyakar Tailan, tun 1987 gwamnati ta ɗauke masa harajin kaya shi ya sa za ka ga mutane na ta jidar cakulan da turare kamar kyauta ake rabawa. Mun sauka a Pantai Cenang, nan ne bakin ruwan da baƙi suka fi cika. A daren ƙarshe na ce bari in yi mata abin da za ta daɗe tana tunawa, muka shiga wani babban gidan cin abinci na kayan teku, irin wanda tebur ɗinsa ke kan yashi ana kunna fitila ƙanana, ruwa na zuwa yana komawa kusa da ƙafarka.

Kafin ka zauna sai an bi da kai ta wurin tankunan gilashi. Kifi ne da ransa yana yawo, ga kaguwa an ɗaure musu hannu, ga jatan lande manya manya wlh wani ya kai tsawon tafin hannuna, ga wasu halittu da ban ma san sunansu da Hausa ba. A jikin kowane tanki an rubuta farashi, kuma farashin na giram 100 ne ba na kifi guda ba, wannan duk mai zuwa ya kiyaye don nan ne baƙi da yawa ke rikicewa in bil ya zo. Muka nuna wani kifi mai ɗigo ɗigo a jiki da suke ce ma kerapu. Yarinyar da ke kula da mu, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, ta sa aka kamo shi da raga, ta fara ɗora kwandon shi kaɗai a sikeli ta mayar da shi sifili a gabana, ta jira ruwan jikin kifin ya tsiyaye, sannan ta auna. Giram 820. Ta juyo min da fuskar sikelin in gani da idona, ta lissafa a kalkuleta da kuɗin ƙasar, ringgit 131 da 'yan kai, ta rubuta a takarda ta ce in na yarda a kai kicin in kuma ya min yawa a nemo ƙarami.

Ni a nan ma jikina ya yi sanyi. Na tuna mudun da ake bubbuga wa gindi a kasuwanninmu, da sikelin da sai ka je gida ka sake aunawa ka ga kilo ɗinka ya dawo giram 800, da yadda mai kaya zai fara kallon takalminka da agogonka kafin ya faɗi kuɗi. Ayar tauye mudu mu muka haddace ta tun muna makarantar allo, amma sai ga ta ina ganin ana aiki da ita a hannun yarinyar da ban ma san ko musulma ba ce.

To ba wannan ne ma ya sa ni rubutu ba.

Mun zauna, aka kawo jatan lande da aka soya da bota da ganyen kori, aka kawo shinkafa da wani ganye, muna ci muna jiran kifin. Can sai ga shi an taho da shi a faranti mai tsawo yana tururi, an zuba masa citta da albasa mai lawashi, ƙamshi ya cika wurin. Wani saurayi ne ya kawo, ya ajiye, uwargida ta ɗauki cokali kenan sai ga yarinyar nan da sauri har tana tuntuɓe a yashi, ta ce dan Allah mu dakata kar mu ci. Ta ce laifinta ne, ta manta ba ta rubuta wa kicin ba, romon da suke turara wannan kifin da shi suna ɗiga masa giyar shinkafa ta girki irin ta 'yan Sin, kuma ta ga madam da hijabi. Ta ce su ba sa amfani da naman alade ko kitsensa amma ba su da takardar halal ta JAKIM, wato hukumar addinin musulunci ta ƙasar, tunda suna sayar da giya, don haka ya kamata mu sani. Ta ɗauke farantin ta tafi da shi.

Wallahi da ta yi shiru ba yadda za a yi mu gane. Ni ban san ɗanɗanon abin ba balle in ce na ji shi, da mun cinye mun yi hamdala mun tafi. Ba mu tambaya ba, wannan sakacinmu ne, kuma kifin an riga an yanka an dafa, asara ce ta tabbata a kansu ko ma a kanta ita kaɗai, don ban san ko za a cire a albashinta ba kuma wannan tunanin ya dame ni sosai. Bayan minti biyu manajan ya zo da kansa ya ba mu haƙuri, ya ce in zo in zaɓi wani, aka sake awo a gabana wannan karon giram 870, ya ce a tsohon farashin za su bar min, kuma a tukunya daban za a yi shi da citta da ruwan waken suya kawai. Da bil ya zo na bi shi layi layi, kifi ɗaya aka rubuta. Na ce masa dan Allah kar a taɓa kuɗin yarinyar nan ni zan biya rabin na farkon, ya ce a'a ba haka suke yi ba, kuskuren gida ne gida zai ɗauka.

Yanzu ku gaya min tsakani da Allah, a gida Najeriya wa zai dawo da gudu ya ce maka kar ka ci? Mu da muka san ana fesa wa busasshen kifi fiya-fiya don kar ƙwari su ci, a kawo kasuwa a sayar wa mai jego ta yi farfesu da shi. Mu da muka san wasu na zuba maganin ƙwari a ruwa kifi ya taso a mace a kwashe. Kifin sanyi ya narke saboda ba wuta ya sake daskarewa ya sake narkewa, mai shago ya rantse maka yau aka sauke shi. Ka yi magana a ce kai ka cika tsirfa, ko a ce in ba ka saya ka ba wasu wuri. Ba ina cewa kowa haka yake ba, akwai masu tsoron Allah kuma na san su, amma abin ya yi yawan da in ka samu mai gaskiya sai ka riƙa ba da labarinsa kamar ka ga abin mamaki, kuma wannan ba ƙaramin ciwo ba ne a wurina.

Kar kuma ku ɗauka komai na wurin ya min. Tsada kam akwai ta, bayan kuɗin abinci sun ɗora kashi 10 na hidima, ruwan sha ma na roba sai ka saya, shinkafar kuwa ɗan ƙoƙo ne da ko yaron goye ba zai ƙosar ba sai da na ƙara biyu. Sannan zaƙi, komai sai sun sa sukari, har miyar barkonon da aka ce min mai zafi ce na ji ta kamar an haɗa da zuma. Kifin shi kansa sabo ne ba ƙarni ko kaɗan, namansa fari tas yana rabuwa da kansa, amma harshen da ya saba da suya da yaji sai ya ji kamar ba a ƙarasa girkin ba. Kaguwa kuwa uwargida ko kallonta ba ta yi ba, na ce mata a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne ta ce ta ji amma ranta bai ɗauka ba, na ƙyale ta.

Ina cin kifin nan ina tuna ƙarfasar Tiga da ake soyawa ta yi ƙarau a barbaɗa mata yajin ƙuli, da bandar Baga da Hajiyarmu ke sakawa a miyar kuka tun kafin rikici ya hana hanyar sakat, da farfesun tarwaɗa da daddare lokacin sanyi. Mu fa Allah bai hana mu kifi ba, ga Yawuri ga Argungu ga tafkin Chadi, giwan ruwan da ake fitarwa a Argungu wani sai mutum biyu sun ɗaga. A daɗi ban yarda sun fi mu ba ko kaɗan. Ƙanƙara da sikeli na gaskiya da tsaftar bakin ruwa suka fi mu, don da asuba na fita na ga ma'aikata na tsince yashin nan tun kafin baƙi su tashi, mu kuwa duk bakin ruwan da ka je leda ce za ta fara yi maka maraba.

Da za mu fita na nemi yarinyar na miƙa mata ringgit 50 ta ƙi karɓa, ta ce an riga an sa kuɗin hidima a bil. Sai da uwargida ta kama hannunta ta danƙa mata ta ce wannan ba na hidima ba ne daga 'yar uwa ne, sannan ta karɓa da hannu biyu tana sunkuyar da kai. Takardar awon da ta rubuta 820 a jiki tana nan cikin walat ɗina, Yaya Babba in na zo hutun babbar sallah insha Allah zan nuna maka ita, tunda kai ke da shagon hatsi.