Na sa an haɗa mini Conversions API, ya kusa cinye mini ribar Sallah

Tun da Apple ya saki iOS 14.5 a watan Afrilun 2021, masu iPhone suka samu damar hana a bi sawunsu, tallata a Facebook da Instagram ta koma lalube a cikin duhu. Masu sayen leshi da shadda a wurina yawancinsu matan Abuja da Kaduna ne, kusan kowacce iPhone ce a hannunta. Sai in ga alat ya shigo, kaya sun tafi tasha, amma Ads Manager, shafin da nake duba sakamakon talla, ya nuna tallar ba ta kawo ko sisi ba. Shi Pixel, ɗan abin da ake saka wa shagon intanet don ya riƙa kai wa Facebook labarin ciniki, a burauzar mai saye yake aiki, in an toshe shi, ko netiwok ya ɗauke kafin shafin ƙarshe ya buɗe, cinikin ya wuce bai gani ba.

Ɗan yayata ne ya haɗa ni da wani yaro mai haɗa wa shaguna abin da ake kira Conversions API, muka zauna a wani gidan abinci a Zoo Road. Bayaninsa ya shige ni, ba ƙarya. Ya ce maimakon a dogara da wayar kwastoma, sabar shagona, wato kwamfutar da ke ɗauke da shagon a intanet, ita ce za ta riƙa aika wa Meta, kamfanin Facebook da Instagram, labarin kowane ciniki kai tsaye, kuma lambar waya da imel sai an rikiɗa su da wani tsarin ɓoye bayanai mai suna SHA-256 kafin su fita, ba a tura su tsirara. Na biya shi rabi a take, kwana uku ya ce ya gama.

Mako na farko har ruwa na zuba a ƙasa na sha. Ciniki 46 a Ads Manager! Kuɗin da kowane ciniki ke ci mini ya faɗo rabi. Ga Sallah saura sati uku. Ban yi shawara da kowa ba na ninka kuɗin talla, washegari na shiga Kantin Kwari na ɗauko leshi bashi wurin Alhajin da nake sari a hannunsa. Har ya ce, "Hajiya, wannan karon da ƙarfinki kika zo," ni kuma ina ta murmushi.

Daren Laraba yara sun yi barci na ɗauko littafin da nake rubuta oda da biro, wanda maigida ke mini dariya a kansa. Na ƙirga, 23. Na sa yatsa na sake bi layi-layi da fitilar waya, don an ɗauke wuta, 23 ɗin dai. Gabana ya faɗi. Na kira yaron, ya ce, "Hajiya, ai cinikin da ke ɓace miki ne ya dawo." Na ce to ina kuɗinsu? Shiru. Sai da ɗan yayar tawa ya buɗe Events Manager, shafin da ke nuna bayanan da Meta ke karɓa, muka gane abin da ya faru: Pixel na aika ciniki, saba na aika shi, kuma yaron bai sa musu event_id, wato lambar shaidar ciniki, iri ɗaya ba. Da wannan lambar da sunan abin da ya faru, wato ciniki, Meta ke gane cewa abu guda ne ya zo ta hanya biyu, ya jefar da ɗaya. Ƙa'idar a rubuce take ƙarara, shi ne bai bi ba. Ko a cikin 23 ɗin ma akwai biyar da suka zaɓi taransifa ba su turo ba har yau, amma an lissafa su a masu saye, wato ina koya wa tallar ta nemo mini masu cika kwando su gudu.

Yaron ya gyara, bayan kira ya fi goma. Yanzu ba a aika ciniki sai na danna cewa kuɗi ya shigo. Ya kuma gyara lambobin waya suka fara da 234 a maimakon sifili, makin dacewar bayanai da Meta ke bayarwa cikin 10 ya ɗaga. Gaskiya daga nan abin ya yi amfani. Na gano bidiyon da nake raina, wanda na ɗauka a tsakar gida ina warware atamfa, shi ke kawo masu biya, hoton da na kashe kuɗi a situdiyo kuwa sai tara masu "nawa ne" kawai. Na dakatar da tallar hoton ba tare da na waiwaya ba. In don wannan ne, zan ce mai shago a intanet ta yi, amma ta riƙe littafinta ta gwada lissafi tun ranar farko.

Sai dai wallahi duk sanda na tuna raina ɓaci yake. Yaron bai taɓa gaya mini akwai kuɗin saba duk wata ba, da dala kuma, sai da aka cire kuɗin a katina na sani. Rabin cinikina a WhatsApp yake ƙarewa, mace ta ga talla ta kira mu daidaita, wannan kuma abin da ya haɗa mini bai san da shi ba, ya ce aiki ne daban da kuɗinsa daban. Ragowar rabin kuɗinsa na ba shi saboda ɗan yayata. Leshin nan kuwa guda tara na nan jibge a kan sif, Alhaji ya aiko yaronsa sau biyu.