Na'urar karatun da ta ɗaure mini gwarzon labari, ni kuma na ɗauka aure ya yi

Da a satin farko na rubuta wannan sharhi, da taurari biyar zan zuba mata, in da na shida ma in ƙara. Allah ya so na yi nauyin hannu. Yau wata huɗu ke nan tana wurina, kuma abin da zan faɗa yanzu ya sha bamban da wanda na riƙa faɗa wa ƙawayena a kwanakin ɗoki.

Ni dai mayyar littafin labari ce, wannan kowa a gidanmu ya sallama. Umma kan ce ko takarda aka yar a hanya sai na tsuguna na ga abin da ke jiki. Shekara kusan uku a waya nake karatu, kuma duk mai yi ya san azabar: kina tsakiyar babi saƙo ya faɗo, ki ce bari in leƙa minti ɗaya, kafin ki farga awa ta wuce kina kallon bidiyon mutanen da ba ki sani ba. Ga idanu kamar an watsa musu yashi da safe. Yayana ne ya gaji da ganina ina murza ido ya sayo mini na'urar karatun nan mai allon tawada, ƙarama, inci 6. Kuɗinta ba sai na faɗa ba, masu nema sun sani. Sunan kamfanin ma zan bar shi, don abin da zan ce a kansu ba yabo ba ne duka.

Allon kam, a ba shi haƙƙinsa. Ranar da na buɗe kwalin na zaci takarda aka manna a fuskarsa, har na sa farce zan ɓare, ashe rubutun na allon ne da kansa. Yaya ya zauna ya yi mini bayani, shi da ma abin da yake so ke nan, a tambaye shi. Wai a cikin allon akwai miliyoyin 'yan ƙwayoyi, kowace kaurinta bai wuce na silin gashi ba, a cikinsu akwai ruwa da ƙurar launi fara da baƙa. Lantarki ke tura farar sama ko baƙar sama, da haka harafi ke fita. Da zarar shafi ya zauna, ya zauna ke nan, ba ya ƙara shan batir sai an juya. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro dabarar, aka kafa mata kamfani a 1997, sannan Sony ya fito da na'urar karatu ta farko mai irin wannan allo a Japan a 2004. Na ce, "Yaya, ni dai labari zan karanta." Amma daga baya na gane amfanin bayanin, don shi ya sa nake yin sati uku ban nemi caja ba, ni da wayata ba ta kai la'asar.

Daɗin da na sha a watan farko ba ya faɗuwa. Ina iya zama a tsakar rana, hasken da ke makantar da allon waya shi ke ƙara wa wannan kyau. Da dare kuma fitilarta daga gefe take haska shafin, ba ta harbo miki haske cikin ido, sai in ja bargo in rage ta can ƙasa, ƙanwata na barci a gefena ba ta ma san ina farke ba. Akwai wani dare da aka kwana ana yayyafi, ina kwance a gefe ɗaya, hannu ɗaya a waje, babban yatsa kaɗai ke aiki. Babu saƙon da ya shigo, babu wanda ya kira. Na gama littafi guda cur sai da na ji tsuntsaye sun fara kuka. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ɓata dare ne, ni kuwa ina lissafa shi cikin darare mafi daɗi na bana. Na kuma kwaso tsofaffin littattafan Turanci kyauta daga Project Gutenberg, ɗakin karatun intanet da Michael Hart ya fara tun 1971, wanda yanzu ke da littattafai sama da 70,000. Duk sun buɗe lafiya lau, rubutu tsaf kamar daga maɗaba'a.

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk wannan watan littattafan Turanci nake ci. Ranar da na ɗora mata littafin Hausa na farko ne muka fara sanin juna.

Wani dogon labari ne da na daɗe ina jira a kammala, na kuma saya da kuɗina a hannun marubuciyar, fayil ɗin EPUB mai kyau, irin tsarin littafin da na'urorin karatu ke buɗewa, an sa ƙugiyar kowane harafi a wurinta. Na yi wanka, na gyara shimfiɗa, na kashe waya gaba ɗaya, irin shirin da nake yi wa littafin da nake ji da shi. Ina buɗe shafin farko sai ga 'yan akwatuna birjik. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya zauna, wani ɗan murabba'i ne fanko a tsaye yana kallona. Na rufe na sake buɗewa, haka. Na kashe na'urar na kunna, haka. Sai na shiga wurin sauya zubin haruffa, akwai guda takwas, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A na biyar akwatunan suka ɓace, shafi ya yi fes. Na ce alhamdu lillahi, na gyara kwanciya.

Abin da ban lura da shi ba, wannan zubin ba gyara haruffan ya yi ba, haɗiye su ya yi. Inda ƙugiya take sai ya bar ɗan siririn fili ya wuce. Da farko ƙwaƙwalwata ce ke cike gurbin ban sani ba: na ga "ofa" na karanta ƙofa, na ga "aki" na karanta ɗaki. Sai da na kai inda saurayin ya tara duk ƙarfin halinsa, bayan babi shida yana kewaye-kewaye, ya dubi yarinyar ya ce mata, "Ina aunar ki." Na tsaya. Auna ta da me, da sikeli? Ko bindiga ya saita mata? Na yi dariya har sai da ƙanwata ta juya. To wannan ya zo da sauƙi, na gane. Wanda ya ɓata mini dare shi ne na babi na goma sha ɗaya. An kai gwarzon gaban alƙali bisa ƙazafi, babin ya rufe da jimla guda: "A ranar aka aure shi." Wallahi na kai minti goma ina jin haushin marubuciyar. Wace ce ta aure shi? A kotu? Ina yarinyar da ya gama aunawa? Na shiga babi na gaba ina neman amarya, sai na tarar da shi a kurkuku yana ƙirga kwanaki. Ɗaure shi aka yi. Wurin da aka gina don ya sa ni kuka, na'ura ta mayar mini da shi wasan yara, kuma irin wannan ba ya dawowa. Karatun farko sau ɗaya ake yin sa. Ko na sake bi ta wurin nan sau goma, aurensa zan fara tunawa.

Washegari na rubuta wa masu kula da abokan cinikin kamfanin, na haɗa da hoton shafin. Bayan kwana huɗu suka amsa cewa fayil ɗina ne ya lalace, in sake saukewa. Na ce musu fayil ɗin nan a wayata lafiyarsa ƙalau. Suka ce in mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta. Na yi, na rasa tsarin da na ɓata sati ina jerawa, akwatuna kuma suna nan daram. Saƙo na uku shi ya fi ƙona mini rai: wai na'urarsu tana karanta "dukkan manyan harsuna". Harshen da mutane sama da miliyan 50 ke magana da shi, wanda ake buga littattafai da shi da waɗannan haruffa tun shekarun 1930, ban san ma'aunin da suka auna shi da shi ba har ya faɗi. Wataƙila irin aunawar saurayin can ce.

Yaya ne dai ya sake cetona. Ya ce, "Kawo nan, ƙanwata, ba fayil ba ne." Bayaninsa shi ne kowane harafi yana da lambarsa a Unicode, tsarin da na'urori ke gane haruffa da shi, namu ma suna da tasu tun tuni, amma lamba daban, zane daban. In wanda ya zana zubin haruffan bai zana ɗ ba, na'ura ba ta da abin da za ta nuna. Ya ma nuna mini wani abin mamaki: ƙaramin ƙ yana rukuni ɗaya da manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ, amma ƙananan ɗ da ɓ suna can wani rukunin na alamomin masana furuci. Shi ya sa a zubi na bakwai ƙ ke fita sarai, 'yan'uwansa biyu kuma su zama akwati. Ya jona kebul a kwamfutarsa, ya buɗe folda, ya zuba mini zubin haruffa biyu, Charis SIL da Noto Serif, dukansu kyauta ne kuma suna da haruffanmu cif. Aikin bai kai minti biyar ba. Minti biyar, jama'a, abin da kamfani guda ya kasa gaya mini a saƙo uku. Da ɗ ta fito da 'yar ƙugiyarta a kan allon sai na ji kamar na haɗu da 'yar'uwa a baƙon wuri.

Daga nan muka shirya. Na koma yabonta, har na yafe mata auren dole da ta yi wa gwarzona. Na karanta littattafan Hausa tara a jere, ina jan layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta taɓa ni, ina rubuta 'yan maganganuna a gefe, irin su "ƙarya kake yi" da "Allah ya isar mata". Wannan ɗabi'a tun ta littafin takarda ce, da fensir nake yi, kuma rabin daɗin karatu a wurina ke nan: in dawo bayan wata biyu in ga abin da ya ba ni haushi a lokacin. A wannan tsakanin da an tambaye ni, taurari huɗu zan ce.

Sai ga sati biyu da suka wuce. Na bar waifai a kunne na kwanta, da safe na tarar ta sabunta manhajarta da kanta, ba ta tambaye ni ba. Na buɗe littafin da nake ciki, akwatuna sun dawo gida. Foldar da Yaya ya zuba haruffan an share ta tas. Wannan da sauƙi, mun mayar. Amma layukan da na ja da rubutun gefe na duk littattafan da na ɗora da kebul sun tafi, na waɗanda aka saya a shagonsu na intanet ne kaɗai suka tsira. Wato dai nawa na Hausa ne suka tafi, tunda shagon nasu ba shi da ko ɗaya. Na zauna ina latsa littafi bayan littafi, shafuka fes kamar ban taɓa bi ta kansu ba. Umma ta leƙo ta ce, "Ke lafiya, wa ya mutu?" Na ce babu kowa. Ta ce, "To in a kan abin nan ne, littafin takarda dai bai taɓa goge kansa ba." Ban tanka ba, don ba ni da amsa.

Tun da abin ya faru sai sauran ƙananan laifuffukanta da na riƙa kawar wa kai suka fara tsaya mini a wuya. PDF a kanta wahala ce zalla, rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa, in kin ja shi ya girma sai shafin ya yi ta ƙyaftawa yana jan ƙafa. Yawancin labaran da ƙawaye ke turo mini kuwa a haka suke zuwa. Inuwar shafin baya takan maƙale a kan sabo sai allon ya yi baƙi ya wanke kansa. Ƙamus ɗinta bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba, in na nemi kalma mai ƙugiya ma babu harafin a madannanta, sai dai in nemi rabin kalmar. Tana kuma yanka kalmominmu a ƙarshen layi yadda ta ga dama, da ƙa'idar Turanci, har sai da na gano inda ake kashe wannan. Sannan ba ta da ƙamshin tsohuwar takarda, amma wannan ba zan ɗora mata laifinsa ba.

Uku na ba ta a shafin da aka sayo ta. Ƙanwata ta ce na yi rowa, wai wanda ke kwana rungume da abu ba ya ba shi uku. Ita da ma so take in yi fushi in bar mata, na ga take-takenta, jiya na kama ta ta kai babi na huɗu a littafin da ban ba ta izini ba. In Turanci kaɗai kike karantawa, saya idonki rufe. In kuwa Hausa ce, ki tabbata tana karɓar zubin haruffa daga waje kafin ki biya, ki gwada ta da shafi mai ɗ da ɓ, kar ki tsaya a ƙ kawai. Ni yanzu waifai ɗinta a kashe yake, na kuma sayi ƙaramin littafin rubutu ina kwafe layukan da nake so da biro. Saƙona na huɗu ga kamfanin yau kwanansa goma sha ɗaya, shiru.