Ma'aunin zafin oben: amfaninsa ga mai yin merang, da inda ya gaza

Merang shi ne farin ƙwai da sukari da ake bugawa har su yi kumfa, a busar a oben. Sau da yawa in ya lalace laifin oben ne, ba na ƙwai ba. Merang busarwa yake so a hankali, digiri 90 zuwa 110 na Celsius (C), awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Oben ɗin gas na jikin kukar girki kuwa, ko an rage wutar har ƙarshe, sau da yawa zafinsa ya zarce haka nesa. Nan ne ɗan ma'aunin ƙarfen nan mai fuskar agogo, wanda masu sayar da kayan kek ke ajiyewa, yake biyan kuɗinsa. Ba ya cin batir. Ki rataya shi a wayar tsakiya, daidai inda faranti zai zauna, kada ya jingina da bango.

Yana da aibu biyu. Allurarsa nawa gare ta, sai kin ba ta kamar minti 15 kafin ki yarda da ita. Na biyun ya fi haɗari: layin lambobi biyu ne, C da F (Fahrenheit), kuma ƙanana. Digiri 200 na F daidai yake da kusan 93 na C, wanda shi ake so. Wadda ta bi 200 na layin C, gawayi za ta kwashe. Ki ɗiga jan farce a gilashin, saitin 100 na C, ki huta.

Idan ya nuna 130 alhali wuta na ƙarshen ƙasa, ki saƙala cokalin katako a bakin ƙofa. Merang ɗin da ya riga ya yi ja bai ɓaci ba, ɗanɗanon alewa ma yake yi. Inda ya yi baƙi ne kawai za ki kankare, don ɗaci. Wanda ya yi laushi yana manne wa yatsa, abin da ake fama da shi a Sakkwato cikin Agusta saboda raɓar damina, ki mayar da shi digiri 100 na minti 20, ki kashe wuta, ki bar shi ya huce a ciki. Da hunturu kusan iskar ce ke yi miki aikin. Idan oben na lantarki ne aka ɗauke wuta, kada ki buɗe, ragowar zafin zai ci gaba da busar da shi.

Akwai abin da ma'auni ba ya magani. Ɗigon gwaiduwa ko maiƙon roba zai hana farin ƙwai tashi, don haka ki yi aiki da kwanon silba ko tangaran, ki goge shi da lemon tsami. Farin ƙwai ɗaya, sukari giram 50, cokali-cokali. Sukarin buhu tsaki gare shi, ki niƙa a bilenda tukuna. Ki murza kumfan tsakanin yatsu biyu. Muddin kina jin yashi-yashi, zai tsatso da ruwan sukari a oben.

Wanda ya farfashe kuma, ki ƙarasa marmasa shi, ki haɗa da kirim mai sanyi da yankakken mangwaro a kofuna, irin haɗin da mutanen Ingila ke kira Eton mess. In babu kirim, kindirmon da aka tsane a ƙyalle cikin firji ya wadatar, tsaminsa ma yana karya zaƙin. Ki haɗa dab da za a ci, don a zafin bazara minti 20 ya isa ya jiƙe ya zama kunu.