Na canza mitar Corolla a Apo: lissafin tafiya ya zauna daidai, gejin mai ya ajiye ni a titi

Duk mai Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 da ya daɗe yana morar ta ya san wannan ciwon, ko kuma yana kan hanyar saninsa: lambar tafiya tana kaiwa 299,999 sai ta tsaya cak. Tawa 2005 ce, 'yar Kanada, da kilomita take ƙirga, shi ya sa ta riga 'yan Amurka, masu ƙirga da mil, isa wurin. A hanyar Akwanga ta tsaya min ina dawowa daga Jos. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, amma na rasa abin da zan riƙa duba lokacin juyen baƙin mai. Wata bakwai na yi ina lallaɓawa da ƙaramar lambar nan da ake mayarwa sifili. Duk ranar da na sha mai sai in rubuta abin da ta nuna a littafin da ke cikin mota, sannan in goge. Da na tara, kilomita 14,600 ne suka hau kai.

Na samu mita (allon nan na gaban sitiyari mai nuna gudu, mai da lambar tafiya) Beljiyam a kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja, ta mota mai giya otomatik irin tawa. Mai kayan ya haɗa ni da wani yaro mai aikin waya da kwamfuta a layin bayansu. Ina zama ya ce, "Alhaji, nawa za a mayar maka? Dubu casa'in ko tamanin?" Wallahi raina ya ɓaci. Wato har an kai matakin da duk wanda ya shigo da mita a hannu ɗauka ake yi ya zo rage lamba ne don ya cuci mai saye. Na ce masa ƙarawa na zo yi, ba ragewa ba. Motar nan ƙanena zan bar wa baɗi in Allah ya kai mu, ba zan miƙa masa ƙarya a gaban sitiyari ba. Ya yi shiru, ya ce tunda ya buɗe shagon ba a taɓa kawo masa irin wannan aikin ba sai masu cewa a rage.

Daga nan kuwa yaron ya burge ni, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Shi ya lura mitar da na sayo 'yar Amurka ce, da mil take ƙirga, ni ban ma duba ba. Na so in mayar a ba ni mai kilomita, ya ce, "Baba, ka bar ta. Mai kilomitar ita ma a 299,999 za ta tsaya, lambarka ba za ta shiga ba. Wannan kuwa in muka juya lissafin zuwa mil, kana da sauran fili mai yawa." Ya ɗauki waya ya raba 314,600 da 1.609, ya samu mil 195,525. Ya kuma bayyana min cewa a irin wannan motar lambar ba a kwakwalwar inji take zaune ba, tana cikin wani ɗan ƙaramin abu mai ƙafa takwas a jikin allon mitar, bai kai ƙwayar wake ba. Don haka na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ba ta isa wurin, sai an buɗe. Ya kwance mitar, ya zare alluran, ya fara adana abin da ke ciki a kwamfuta saboda tsaro, sannan ya rubuta sabuwar lamba. Da aka ɗaura aka kunna, 195,525 ta fito tas. Ya ce in ɗauki hoton tsohuwar mitar da sabuwar in ajiye tare da takardun mota. Na biya abin da ya faɗa ban yi ciniki ba, har na ƙara masa na ruwa. A ranar da wani ya tambaye ni, da na ce ya tafi wurinsa ido rufe.

Kwana tara bayan haka, ranar Juma'a, na ɗauko uwargida da yara uku za mu suna Suleja. Allurar mai tana kan kwata. Mun wuce Gwarimpa kenan a babban titin Kubwa mota ta fara shaƙewa, ta mutu a tsakiyar hanya, tirela na bayana tana hon. Da ƙyar na gangara gefe. Rana tsaka, ƙaramar tana kuka, uwarsu ta yi shiru irin shirun da ya fi faɗa ciwo. Na kira bakanikena ya hau mashin ya zo, muka fara zargin famfon mai, muka duba fis, kusan awa ɗaya da rabi. Ƙarshe ya buga tanki da hannu ya ce, "Oga, ai babu ko ɗigo a ciki." Allura kuwa tana nan a kwata ba ta motsa ba. Na rasa Juma'a, na rasa suna, na sayi galan a hannun 'yan bumburutu da tsadar da kuka sani, ban ma san me suka gauraya a ciki ba.

Abin da ya faru shi ne lokacin da yaron ya mayar da alluran da ido ya dasa su, bai gwada ba. Aikin da ya fi wuya ya yi shi da natsuwa, ɗan ƙaramin da ran mutane ke rataye a kai ya yi shi da gaggawa saboda wani dillali na tsaye a kansa da mitoci biyu a leda. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Da ta zafin inji ce ta karkace haka fa? Sai dai in ji gasket, shimfiɗar da ke toshe kan inji, ya ƙone a hawan Riyom allura tana nuna min komai lafiya. Kuma bai ja min kunne a kan gudu ba: manyan lambobin yanzu mil ne, kilomita su ne ƙanana na ciki. Na taka 80 a hanyar filin jirgi ina ganin ban kai ƙa'ida ba, ashe ina kusa da kilomita 129.

Na koma ranar Litinin da zafina. Bai yi musu ba, ya ce laifinsa ne, ya ba da haƙuri har sau uku. Ya sa na cika tanki fal, ya zare allurar ya dasa ta a kan cikakke mota na kunne, ya jira inji ya yi zafi ya daidaita ta zafin da abin da na'urarsa ke nunawa, muka hau titi muka gwada gudu da manhajar waya. Bai karɓi ko sisi ba. Kuɗin galan da na bakanike dai ni na ɗauka, bai ko yi tayin ragewa ba, kuma har yau in na tuna tirelar nan sai gabana ya faɗi.

Mako uku kenan, gejin bai sake yi min ƙarya ba, lamba tana 196,210. Juyen mai yanzu duk mil 3,000 nake yi. Littafin nan dai yana cikin mota, har yanzu ina rubuta duk litar da na sha.