Akwatin koyar da shimfiɗar duwatsu: yashin ya burge ni, takardar amsoshin ta kunyata ni

Wata uku ke nan da makarantarmu ta sayo akwatin nan mai gilashin roba da ƙullin yashi kala-kala, wanda ake ta tallata wa malaman kimiyya. Ba sai na tsaya kwatance ba, duk mai koyar da 'yan ƙaramar sakandare ya ci karo da shi. Ni na matsa lamba aka saye shi, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi yi mini ciwo.

Bari in ba shi haƙƙinsa tukuna. Shekara da shekaru ina jan layuka a allo ina cewa shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi ta sama, yara su gyaɗa kai, in jarrabawa ta zo rabinsu su rubuta akasin haka. Ranar da muka buɗe akwatin, su da kansu suka cika shi da ruwa, suka zuba tsakuwa, sai jan yashi, sai yumɓu, sai farin yashi. Kowanne ya nutse ya kwanta shar a kan ɗan'uwansa. Ban ce uffan ba wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai kamar littattafanmu ne a teburinka, wanda ya fara kawowa nasa ne a ƙasa." Ƙa'idar da Nikolas Steno, mutumin Denmak, ya rubuta tun 1669 ke nan, yaro ya tsinto ta da bakinsa. Kashegari muka yi shimfiɗa da busasshen yashi, muka tura bangon gefe, shimfiɗun suka lanƙwashe. Na sa ɗaya ta kankare saman da rula a matsayin zaizaya, muka zuba sabon yashi a miƙe a kai. Da na nuna musu hoton gaɓar Siccar Point ta Sukotland, inda masanin duwatsu James Hutton ya tsaya a 1788 ya ga jan dutsen yashi kwance a kan wasu duwatsu da ke tsaye cak, sai aji ya kaure da "irin namu ne, irin namu ne!" A ranar da an ce in ba da taurari, biyar zan bayar ban ko ƙifta ba.

Sai jarrabawa. Akwatin yana zuwa da tambayoyi ashirin da takardar amsoshi, kuma wannan na cikin abin da ya ja ra'ayina, don duk malami ya san wahalar zana hoton duwatsu a takardar gwaji. Na buga na raba wa azuzuwa uku. Takardu suka taru, na zauna da daddare da jan biro, ido ya yi nauyi, na ajiye takardar amsoshin a gefe ina bi ina sa maki.

Tambaya ta bakwai hoto ce: shimfiɗa huɗu a jere, da wani baƙin zare na narkakken dutse da ya taso daga can ƙasa ya keta su duka har sama. Aka ce wanne ya fi daɗewa. Takardar amsoshi ta ce baƙin zaren. Ban tsaya tunani ba, na yi ta soke duk wanda ya rubuta shimfiɗar ƙasa.

Bayan na raba takardu, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta biyo ni har bakin ofis, takardarta a hannu.

"Malam, don Allah ina da magana a kan lamba bakwai."

"Ke, amsar nan a rubuce take daga wurin masu akwatin."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, ta yaya zai keta abin da bai riga ya kwanta ba? Ranar da ka soka fensir cikin yashin nan ka ce sai akwai yashi kafin a soke shi."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na koya musu. Duk abin da ya ratsa shimfiɗu, tsagewa ce ko narkakken dutse da ya bi kafa ya taso ya sandare, to shi ne ƙarami, shimfiɗun sun riga shi. Abin haushi ma, a hoton nasu sun zana 'yan ɗigo a gefen zaren cikin dukan shimfiɗu huɗun, alamar zafinsa ya gasa duwatsun da ya taɓa. Wanda ya yi zanen ya san aikinsa. Wanda ya rubuta amsar ne ya ga abu ya fito daga ƙasa ya ce shi ne tsoho.

Ba zan wanke kaina ba, laifina ne da na bi takarda ido rufe. Amma ku dubi ɓarnar. Yaran da suka yi tunani su na soke, waɗanda suka haddace "na ƙasa shi ne babba" kamar karatun aku, suka zaɓi baƙin zaren don ya fito daga can ƙasa, su suka kwashe maki. Wato cutar da na sayi akwatin don in magance, ita gwajinsu ya saka wa. Sai da na sake karɓar takardun azuzuwa uku, na gyara maki ɗaya bayan ɗaya, na tsaya gaban kowane aji na ce na yi kuskure. A aji na biyu wani ya tambaye ni ko sauran amsoshin ma za a yarda da su. Ban da amsar da zan ba shi, don haka na koma na bi su da kaina.

Na kuwa sami wata. Tambaya ta goma sha biyar ta ce da me za a gane shekarun ƙashin dainoso, amsarsu kabon-14, wato sinadarin da ke raguwa a hankali a jikin halitta bayan ta mutu. Haba! Rabin kabon-14 yana ƙarewa ne cikin shekara 5,730, bayan kamar shekara 50,000 ba ya da abin da zai faɗa maka, dainoso kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Abin da masana ke yi shi ne su auna tokar aman wuta da ke sama da ƙasan shimfiɗar da ƙashin yake, ta hanyar sinadarin yuraniyam ko fotasiyam da ke cikin tokar, ƙashin ya faɗa tsakanin shekarun biyu. Wannan ma da ita ce tambayar da ta dace da darasin shimfiɗa.

'Yan ɓurɓushin halittu na roba da ke ciki ba laifi. Tirilobait da amonait, halittun teku na zamanin da, sun fito sosai, kuma sun taimaka da na zo bayanin yadda William Smith, mutumin Ingila, ya riƙa gane shimfiɗa ɗaya a wurare masu nisa ta halittun da ke cikinta, har ya fitar da taswirar duwatsun Ingila da Wales a 1815.

Na rubuta wa kamfanin saƙo da hoton tambayoyin biyu. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, irin ta na'ura, wai sun gode da ra'ayina. Mako shida ke nan, shiru kake ji.

Da na fara rubutun nan niyyata taurari uku, in ce a sayi akwatin a yar da takardar. Amma yanzu na tuna kusurwar hagu da ta fara yoyo tun amfani na huɗu, har na liƙe ta da salatif. Na tuna kuma jan yashin yana zuba, ya rine farin, ga shi in sun gauraya ba mai iya raba su, alhali azuzuwa uku ke jiran layi. Biyu zan bayar. Tambaya ta bakwai dai na riƙe ta, yanzu nakan ba yara hoton tare da amsar kamfanin in ce su nemo inda aka yi kuskure. Jan yashin kuwa ya kusa ƙarewa, kuma ba sa sayar da shi shi kaɗai, sai dai ka sake sayen akwati ɗungurungum.